Kowa Ya Tuna Bara: Shin Kewar Rahar Jiya Shaida Ce Ta Gaskiya?

Masu iya magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Wannan karin magana kan faɗo mana a rai duk lokacin da muka ji dattawan Amurka suna begen shirye-shiryen barkwancin da gidajen talabijin ɗinsu suka riƙa sakawa bayan dare ya raba a shekarun baya, suna cewa raha ta mutu, abin da ake yi yanzu duk hayaniya ce. Tambayar da muke so mu tattauna da 'yan'uwa marubuta ita ce: shin kewa shaida ce da za a karɓi maganarta a kan abin da ya wuce, ko kuwa son rai ne ya yafa rigar tarihi? Amsar ta shafe mu, domin da irin wannan kewa ake auna aikin duk wani mai tasowa.

Bari mu fara da gabatar da wanda ake kewar. A shekarar 1954 gidan talabijin na NBC ya buɗe shirin da daga baya aka sani da The Tonight Show, inda mai gabatarwa kan fito ya yi ba'a a kan labaran ranar, sa'an nan ya zauna hira da baƙi. Steve Allen ne ya fara, Jack Paar ya karɓa a 1957, sai Johnny Carson ya hau kujerar a watan Oktoba na 1962, bai sauka ba sai ranar 22 ga Mayu, 1992. Watau shekara 30 ke nan yana shiga ɗakunan mutane da ƙarfe 11:30 na dare, kuma ya gabatar da shiri sama da 4,000. An ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 50 ne suka kalli shirinsa na bankwana. Ya rasu a 2005, amma har yau da shi ake gwada duk wanda ya zauna a irin wannan kujera.

To, idan muka sa kewa a gaban alƙali, abu na farko da za a tuhume ta da shi shi ne tauye mudu. Mai begen Carson ba dare 4,000 yake tunawa ba, 'yan guntaye yake tunawa waɗanda aka tsince aka yi ta maimaitawa saboda sun fi sauran armashi. Daren da ba'ar ta ƙi kamawa, ko baƙon ya zama kurma, duk mantuwa ta share su. Sai a ɗauki kitsen shekara 30 a ɗora a ma'auni, a ɗaya ɓangaren kuma a ɗora shirin da wani yaro ya yi daren jiya da duk tsakuwarsa, a ce ai ga shi nan, na da ya fi. Wannan ba awo ba ne.

Bugu da ƙari, wani sashe na abin da ake yabon ba ya nan balle a koma a duba. A wancan zamani faifan ɗaukar hoto yana da tsada, saboda haka NBC kan goge tsohon shiri ta ɗora sabo a kai. Ta haka galibin shirye-shiryen Carson daga 1962 zuwa 1972 suka salwanta, har daren farkonsa murya kawai ta rage. Waɗanda suka biyo baya ne aka adana, aka kai su ajiya cikin wani ramin haƙar gishiri a jihar Kansas. Abin da ya ɓace kuwa ba ya iya musanta mai yabonsa. Kada kuma mu manta cewa mai kewar a lokacin yana da ƙuruciyarsa, iyayensa na raye, gobe tana gabansa. Sau da yawa kansa yake nema a cikin akwatin, ya zaci shirin yake nema.

Tuhuma ta biyu ta fi nauyi, ita ce ɓoye shaida. Abin da ya sa ƙasa guda take dariya a kan magana guda shi ne manyan tashoshi uku ne kawai, ABC da CBS da NBC, kuma a fagen rahar dare ƙofa ɗaya ce ta fi kowace faɗi, mabuɗinta na hannun mutum guda. Ɗan barkwancin da Carson ya yafito ya zauna kusa da shi, kashegari ya zama wani. Wanda ba a gayyata ba sai ya yi ta jira. Joan Rivers, wadda ta zama mai riƙe masa shirin in ba ya nan tun 1983, ta tafi ta buɗe nata a tashar Fox a 1986, bai sake yi mata magana ba har ya koma ga Mahaliccinsa. A watan Fabrairu na 1968 ya ba mawaƙi Harry Belafonte kujerar na mako guda, shi kuma ya gayyato Martin Luther King da Robert Kennedy, waɗanda duka aka kashe kafin shekarar ta ƙare. Galibin faifan wannan mako ma sun bi sahun waɗanda aka goge. Sai a 1989 Arsenio Hall, baƙar fata, ya buɗe nasa shirin na dare wanda ya karɓu a faɗin ƙasar. Mai cewa a da kowa yana dariya tare, ya kamata a tambaye shi su wa yake nufi da kowa.

Haka nan ƙarfin murya ɗaya yana da nasa haɗari. A watan Disamba na 1973 Carson ya yi ba'a cewa takardar ban-ɗaki za ta yi ƙaranci, sai jama'a suka yi tururuwa zuwa kantuna suka wawashe ta, ƙarancin da babu shi ya tabbata, har ya fito ya ba da haƙuri. 'Yanci ma ba cikakke ba ne: a 1960 Jack Paar ya fice daga shirin ana tsakiyar ɗauka, saboda tashar ta yanke masa wata 'yar ba'a a kan makewayi.

Amma fa adalci bai yarda a kori shaida baki ɗaya don an kama shi da ƙari ba. Akwai abin da kewa ta faɗa daidai. Dariyar da aka yi tare ta bambanta da wadda mutum ya yi shi kaɗai, kamar yadda tuwon da aka ci a akushi ɗaya ya bambanta da na ɗaki. Direba da likita da malamin makaranta kan wayi gari da zance guda a baki, ko da kuwa jam'iyyarsu ba ɗaya ba ce, domin Carson ya kan taɓa shugabannin kowane ɓangare, ya kuma ɓoye nasa ra'ayin. Yau an tsattsaga shirin gunduwa-gunduwa, kowa na kallon tasa a wayar hannu, na'ura tana zaɓo masa wadda za ta yi wa abokin hamayyarsa dariya. Masu kallon kai-tsaye sun ragu, kuɗin talla ya bi su, har a watan Yuli na 2025 CBS ta ba da sanarwar za ta rufe shirinta The Late Show, wanda David Letterman ya buɗe a 1993. Wanda ya ji zafin wannan rashi bai yi ƙarya ba.

Hukuncinmu dai shi ne: kewa shaida ce ta gaskiya a kan abin da muka rasa, amma ba a dogara da ita a kan yadda abin yake a lokacinsa. A saurare ta idan tana kuka, a nemi wani shaidan idan ta fara siffantawa. Hakkin magabata a kanmu shi ne mu tuna su ɗungurungum, da gwanintarsu da kurakuransu, domin wanda aka mai da shi waliyyi ba a iya koyon sana'a a wurinsa. Carson da ake gani kamar daga sama maganar take faɗo masa, yana da marubuta da suke wuni suna tsara ba'a, a zubar da da yawa a ɗauki kaɗan. Wannan gumin shi ne abin gado, kuma shi kewa ta fi saurin mantawa.

Saboda haka muna kira ga manya a cikinmu, idan yaro ya kawo rubutunsa kada a auna shi da zaɓaɓɓun shafukan mazan jiya, a auna shi da irin abin da su ma suka rubuta a farkon tafiyarsu. Ku kuma masu tasowa, da tsohuwar zuma ake magani, ku koma ku yi nazarin na da, ku ga yadda suke jinkirta magana har ta nuna, da yadda suke yi wa mai mulki ba'a ba tare da zagi ba. Sa'an nan ku duba waɗanda aka bari a bakin ƙofa, ku buɗe musu. Zamani riga ne, wata rana bananmu ce za ta zama barar wasu. Allah Ya sa in an tashi tuna mu a yi mana adalci, amin.