Dogo Daban, Gwani Daban: Nasiha ga Masu Horar da 'Yan Ƙwallon Kwando a Mubi

A Mubi yanzu, idan yaron sakandare ya yi wa tsaransa zarra a tsawo, ya kuma danƙara ƙwallo cikin kwando sau ɗaya a gaban waya, to shi ke nan, an gama yi masa hukunci. Kafin magariba bidiyon ya zagaye WhatsApp, abokai sun laƙaba masa sunan wani ɗan wasan Amurka, koci yana ta faɗa wa duk wanda ya tsaya cewa yaron nan ya fi ƙarfin Mubi. Ba mai tambayar abin da ya yi a sauran wasan, wanda wayar ba ta ɗauka ba.

A da ba haka ake yi ba. Malamin wasanni a makarantar kwana yakan ga yaro tun daga aji ɗaya, kullum da la'asar, shekara da shekaru. Ya san ranar da ya yi fushi ya bar fili, ya san makinsa a lissafi. In ya ce yaro ya isa, maganarsa tana da nauyi, domin ba kowa yake faɗa wa ba. Gaskiya ne garin ya sha wuya, musamman a ƙarshen 2014 da Boko Haram suka shigo, makarantu suka rufe, malamai suka watse. Amma an fi shekara goma, kuma ba Boko Haram ce ta hana koci faɗa wa yaro gaskiya a yau ba.

Abin mamaki, mu ne masu kasuwar shanun da ake zuwa daga nesa. A can ba wanda ke biyan kuɗin bijimi don ƙaho. Sai an buɗe baki an duba haƙora, an sa shi ya taka an ga ƙafa. Dabba muna yi mata wannan binciken, 'ya'yanmu kuwa kallo ɗaya ya ishe mu.

Wanda zai sa rigar Jami'ar Jihar Adamawa a gasar NUGA, ko ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Mubi a gasar NIPOGA, da ƙarti zai haɗu, masu shekara ashirin da wani abu, masu ƙirji da kafaɗa. Wasan minti 40 ne, kashi huɗu. Daƙiƙa 24 kawai ake ba ƙungiya ta yi jifa, daƙiƙa 8 ta tsallake rabin fili. Layin maki uku yana nisan mita 6.75. Tsawon da yake tsorata 'yan aji huɗu da shi, a can kowa yana da irinsa.

Don haka, malam koci, kafin ka ce ya isa, tare masa hannun dama ka gani. Yawancin yaranmu in aka tura su hagu sai ka ga kai ya sunkuya, ido ya koma kan ƙwallo, ba ya ƙara ganin abokin da ke tsaye shi kaɗai a ƙarƙashin kwando. Koci mai wayo minti uku ya ishe shi ya gano wannan, daga nan kuwa yaronka ya zama ɗan kallo. Sa shi ya yi gudun fili sau goma, sannan ka tsayar da shi a layin jifa yana haki, gwiwa na rawa, ka ƙirga nawa za su shiga cikin goma. Ka kuma kalle shi lokacin da ƙwallo ba ta hannunsa: yana durƙusawa ya yi tsaro da ƙafa, ko miƙa hannu yake yi yana jawo keta? In ka cire shi ka zaunar a benci, tafa wa 'yan'uwansa yake yi ko kumbura baki?

Duk yaron da ke mafarkin Amurka ya san sunan Hakeem Olajuwon, amma kaɗan ne suka san yadda ya fara. A Legas gola ne a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu, sai da ya zama saurayi ya taɓa ƙwallon kwando. Ya isa Jami'ar Houston a 1980 da tsawon da ya haura mita biyu, amma shekararsa ta farko bai buga gasa ko ɗaya ba. A ta biyu ma yawanci daga benci yake tasowa. Da hutu ya zo, sai ya riƙa zuwa wani ɗakin wasa a garin yana karawa da Moses Malone, wanda a lokacin yana cikin manyan gwanayen NBA, yana shan ture da gwiwar hannu kullum. Bayan wannan wahalar ne aka ɗauke shi na ɗaya a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA a 1984, a shekarar da Michael Jordan ya zo na uku. Kofunan NBA na 1994 da 1995 daga baya suka zo. In mai irin wannan baiwa sai da ya yi zaman jira, wa ya ce namu zai tashi daga aji shida ya faɗa fili kai tsaye? Sauri ya haifi nawa.

Sai maganar shekaru, wadda kowa ya sani amma ba a son a taɓo. A rage wa saurayi shekara huɗu a takarda, ya shiga cikin yara yana ture su, mu kuma muna tafi. Wannan hali ya taɓa jawo wa Najeriya dakatarwa daga FIFA a 1989 a wasannin matasa, kuma tun 2009 ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da shekara 17. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ban da haramcin abin, shi kansa mai ragin ya cutu, domin bai taɓa gwada ƙarfinsa da tsaransa ba, kuma ya tauye haƙƙin yaron gaskiya da aka bari a gida.

Karatu kuwa ba a ma kawo shi cikin lissafi. Ba jami'ar da za ta buɗe masa ƙofa babu kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci, ga kuma JAMB. A Amurka ma hukumar wasannin jami'o'i tana duba sakamakon sakandare kafin ta bari ɗalibi ya taka fili. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, ya fara da wata ƙaramar kwaleji a Bismarck, bai taɓa buga wasa a NBA ba, amma shi ne shugaban Toronto Raptors lokacin da suka ci kofi a 2019. Ƙwaƙwalwa ce ta kai shi.

Iyaye, duk wanda ya zo muku da labarin gurbin karatu a ƙasar waje, ya fara da neman kuɗin fom da biza kafin ya nemi ganin sakamakon yaro, ku riƙe kuɗinku. Ku kuma kociyoyi, amana ce a wuyanku. In yaro bai isa ba, ku kira shi gefe ku gaya masa bai isa ba, ku nuna masa abin da zai gyara, ku ba shi shekara guda ya dawo. Zai ji haushinku na mako ɗaya. Ku daure ku faɗa masa.