Haƙƙin Turba Tsakanin Gonaki

Wanda ya hau keke daga wani ƙauye na kewayen Malbaza zai je kasuwa, ko zai duba mara lafiya a asibitin Galmi, hanya biyu ce a gabansa. Akwai kwaltar da ta taso daga Yamai ta ratsa Birnin Ƙonni da Tsarnawa ta nufi Madawa da Maraɗi, inda manyan motocin siminti da na albasa ke tsere, mai keke kuwa sai dai ya raɓe a gefe yana shan ƙura da fargaba. Akwai kuma turbar da ke bi tsakanin gonakin hatsi da dawa, wani wuri rairayi, wani wuri tsakuwar marmara, ba mota sai jaki da amalanke da masu ƙafa. Irin wannan hanya ce Turawa ke kashe kuɗi su samu. A Ingila an mayar da tsohon layin dogo tsakanin Biristol da Bat hanyar keke daga 1979 zuwa 1986, a Italiya kuma aka yi gasar duniya ta farko ta tseren keke kan tsakuwa a 2022. Mu namu gado ne, ba wanda ya biya ko dala. Abin da nake so in kafa shi ne, wannan turba haƙƙi ce da Allah zai tambaya, kuma wanda ya rage ta ya ci dukiyar mutane, ko da kunya ɗaya ya ci.

Ba wanda ke tashi da rana tsaka ya tare hanya. Ruwan shuka ne zai sauka, manomi ya zo bakin iyaka ya ga ƙasar gefen turba ta sha taki daga kashin dabbobin da ke wucewa, sai ya sara rami ɗaya waje da layin gambar da kakansa ya dasa. Maƙwabcinsa na ɗaya gefen ya gani, shi ma ya matso. Baɗi a ƙara. Da hatsi ya yi kai, a jawo rassan aduwa da na magarya a yi shinge, ƙayar ta zube a tsakiyar hanya. Mai keke shi ke fara sani, domin tayarsa ce ke sacewa, shi ke sauka ya tura da buhu a baya har ya kai wurin mai faci, ganyen hatsi na dukan fuskarsa daga dama da hagu. Wahalar wannan laifi ita ce ba a ganin fuskar wanda aka zalunta. In ka ci iyakar Malam wane, gobe yana ƙofar maigari. In ka ci turba, ba mai ita, shi ya sa zuciya ke raya wa mutum cewa bai ɗauki na kowa ba. Gaskiyar kuwa akasin haka take: abin da ba na mutum ɗaya ba na kowa ne, har da baƙon da bai taɓa zuwa garin ba da jaririn da ba a haifa ba, kuma ba ta yadda za ka bi su ɗaya ɗaya ka nemi gafara.

Shari'a ba ta bar wannan ga son zuciya ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi hukunci a bar wa hanya zira'i bakwai idan aka yi jayayya a kanta, wato wajen mita uku da rabi, daidai yadda dabba mai kaya za ta gifta wata. Kada wani ya ɗauki wannan a matsayin izinin matse hanya mai faɗi zuwa bakwai. Imam Nawawi ya yi bayani cewa hanyar da aka iske ana bi, in ta fi haka, ba ya halatta a ɗebi komai daga cikinta. A mazhabarmu ta Malikiyya, Muhtasar na Halilu ya tafi kan a rushe ginin da aka yi cikin hanya ko da bai cutar da kowa ba. Ga kuma hadisin da ya yi gargaɗi da azaba mai tsanani ga wanda ya ƙwace ko taƙi ɗaya na ƙasa, da wanda ya la'anci mai sauya alamomin iyaka. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, an lissafa gusar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Addinin da ya ba da lada kan tsince ƙaya ɗaya, ina matsayin wanda ke jibga ta da gangan?

Manomi yana da hujja, kuma ba ta wasa ba ce. Zai ce gonar da uba ɗaya ya noma yau 'ya'ya takwas suka raba, ƙasa ta gaji, damina ba tabbas, shingen ƙaya kuma don shanun da ke faɗa masa cikin amfani ya yi. Duk gaskiya ne, wanda ya san Adar da Maggiya ba zai musa ba. Amma a auna abin da kunya ɗaya ke bayarwa, 'yan zangarniyar da ba su cika dami ba, da abin da take hanawa: amalanken da zai fitar da mace mai naƙuda, yaron da ke zuwa makaranta a ƙauyen gaba, har damman shi manomin kansa ranar da zai kai su rumbu. Larura tana halatta wa mai jin yunwar mutuwa abin da aka hana, ba ta mayar da hanyar jama'a gonar gado. Batun ɓarnar dabbobi kuwa, matse hanya ke ƙara ta. Garken da ya iske burtali ya zama siriri ina zai bi in ba cikin shuka ba? Rigingimun manoma da makiyaya da ke kai ga jini sau da yawa daga nan suke farawa. Mai gona yana da iko ya yi shinge, amma a kan iyakarsa.

Wasu kuma za su ce zamani ya wuce wurin, kabu-kabu ya cika Ƙonni, kwalta na nan, keke ya zama na yara da masu motsa jiki. Wannan magana ta wanda ke da kuɗin mai ce. Keke shi ne abin hawan da ba ya neman lita, shi ke ɗaukar jarkar ruwa da buhun taki da malamin makaranta. Ko da ma don lafiyar jiki ko shan iska mutum ya hau, ba a tambayar mai bin hanya dalilin tafiyarsa kafin a ba shi haƙƙinsa. Mai keke shi ma akwai nasa nauyin: sunna ta ɗora wa mahayi ya fara yi wa mai ƙafa sallama, kada ya kutsa cikin shukar mutane don gudun rairayi, ya sassauta in ya iske tsohuwa da kayan itace. Ladabin nan yana yiwuwa ne a turba, inda ake ganin juna ido da ido.

Hukuma ma ta yi nata. Dokar tsarin karkara ta 1993 da ta kiwo ta 2010 sun amince da burtali a matsayin abin jama'a, an kuma kafa kwamitocin filaye har a matakin ƙauye. Amma takarda ba ta tsaron turbar da ke bayan gari. Masu tsaronta su ne waɗanda ke sallar asuba sahu ɗaya. Ina roƙon limaman Malbaza da Dogarawa da Illela su sa wannan cikin huɗuba kafin ruwan shuka, masu gari kuma su fita da dattawan da suka san tsohuwar iyaka, a auna, a dasa gamba gefe biyu, wanda ya shigo ya ja da baya tun iri bai shiga ƙasa ba.