Ina Gajiya, Malam?

Karatun yau: 1 Sarakuna 19:1-18, Markus 4:35-41

Kafin malami ya kai ƙofar makaranta da safen nan, mutum biyar ko shida za su tare shi da gaisuwa: “Malam, ina gajiya?” Shi kuma zai amsa yadda aka koya mana tun muna yara: “Ba gajiya.” Ladabi ne, kuma yana da kyau, domin mai gaisuwa a hanya bai tsaya don a sauke masa kaya ba. Sai dai mun saba da wannan amsa har mun fara ba Ubangiji ita. Mukan durƙusa da asuba idanu na yaji, baya na ciwo, mu ce masa lafiya lau, kamar bai ga ƙarfe nawa muka kwanta ba. Bimbinin yau na malaman makaranta ne, da duk wanda ke da malami a gidansa ko a ikilisiyarsa, a waɗannan makonni da zangon farko ke ƙarewa, Kirsimeti kuma ke ƙwanƙwasa ƙofa.

Wanda ya taɓa riƙe alli ya san Disamba. Tun Satumba ake tsaye gaban allo, yanzu murya ta dushe. Hunturu ya sauko, hazo ya rufe gari, a wurare irin su Jos da Pankshin sanyin asuba na shiga har ƙashi. Ƙurar alli ta haɗu da ƙurar iska, gefen yatsu ya tsage, in an riƙe jan biro sai ya yi zafi. A kan tebur ga tulin takardun jarrabawa ɗaure da roba. Shekarar da nake koyar da aji huɗu, kowane aji yara 60, takarda 240 ke jirana. Ko minti biyar kacal na ba kowace ɗaya, awa 20 ke nan a zaune, ban da haɗa makin gwaje-gwaje da na jarrabawa, ban da cike katin sakamako, ban da neman kalmar da zan rubuta wa kowane yaro wadda ba za ta karya masa zuciya ba. Da rana ana gadin jarrabawa, don haka aikin makin na dare ne. In an ɗauke wuta, sai a jingina waya da kofi a kunna fitilarta a ci gaba.

In an rufe littafin makaranta kuma sai a buɗe na majami'a. Tun zamanin makarantun mishan irin na Wusasa da Gindiri, ikilisiya ta saba jingina da malami, har yau kuwa ba ta daina ba. Shi ne sakatare, ita ce mai koyar da Makarantar Lahadi, shi ke koya wa mawaƙa waƙoƙin Kirsimeti, ita ke shirya wasan yara da ɗinka wa mala'iku fukafukai. A gida yara na tambayar kayan Kirsimeti, dangi a ƙauye na jiran a zo da shinkafa da ɗan abin miya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi. A 2024 aka mai da albashi mafi ƙanƙanta naira 70,000, amma a ƙarshen shekarar buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi wannan kuɗi a kasuwanni da dama, malamai da yawa a makarantun kuɗi kuwa ko wannan ba sa samu. Wani ma albashin watan jiya bai shigo ba. Da wannan nauyi ake amsa “ba gajiya”.

Ni na san ranar da tawa amsar ta ƙare. Saura kwana uku a ba da hutu, wata yarinya ta shigo ɗakin malamai riƙe da takardarta da hannu biyu, ta rusuna ta ce, “Malama, kamar akwai kuskure a makina.” Ban ko duba ba. Na daka mata tsawa a gaban abokan aikina, na ce ta fita ta ba ni wuri. Ta fita idanunta cike da ƙwalla. Da dare na ɗauko takardar. Tana da 28 a gwaje-gwaje, 47 a jarrabawa, ni kuma na rubuta 65 maimakon 75. Maki goma na zaftare mata, sannan na ƙara mata da kunya. Na zauna bakin gado na yi kuka, na ce lalle na ja da baya a ruhaniya, zuciyata ta bushe, gobe sai na ɗauki azumi.

Washegari na faɗa wa wata dattijuwa da muke aiki tare, wadda duk muke kira Mama. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “'Yata, yaushe rabonki da cin abinci a zaune? Yaushe rabonki da barci ya ishe ki?” Na rasa amsa. Ta aiki yaro ya sayo ƙosai, ta zuba mini kunun gyaɗa daga filas ɗinta, ta janye rabin takarduna zuwa gabanta ta ce, “Ci. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. In kin ƙoshi ki nemo yarinyar ki ba ta haƙuri.” Na ci, na nemo yarinyar, na ba ta haƙuri a wurin da na tsawata mata, na gyara makin tana kallo. Laifina laifi ne, gajiya ba ta wanke shi ba. Amma Mama ta gane tushensa kafin ni, kuma abin da ta yi mini shi ne abin da Allah ya yi wa annabi Iliya.

Iliya ya fito ne daga aiki mafi girma a rayuwarsa. A Dutsen Karmel ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450, wuta ta sauko daga sama, jama'a suka fāɗi rubda ciki, ruwan sama ya dawo bayan fari na shekara uku da rabi. Ya ɗaura ɗamara ya yi gudu gaban karusar sarki Ahab har Yezreyel. Sai saƙo guda daga Yezebel matar sarki ya karya shi. Ya gudu kudu zuwa Biyer-sheba, tafiyar fiye da kilomita 100, ya bar baransa a can, ya ƙara yini guda cikin jeji, ya zauna ƙarƙashin wani ɗan itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Ya gaya wa Ubangiji cewa abin ya ishe shi, shi bai fi kakanninsa da komai ba. Wasiƙar Yakubu ta tuna mana cewa Iliya mutum ne mai jiki irin namu. Bangaskiyar da ta kira wuta daga sama tana zaune ne cikin jikin da bai ci ba, bai huta ba.

Ku lura da abin da Allah ya fara yi. Bai yi masa faɗa ba, bai tuna masa da abin al'ajabin da ya gani jiya ba. Ya bar shi ya yi barci. Sannan mala'ika ya taɓa shi ya tashe shi, ga gurasa da aka gasa a kan garwashi kusa da kansa, ga tulun ruwa. Ya ci, ya sha, ya sake kwanciya, aka kuma ƙyale shi. Karo na biyu mala'ikan ya sake tashe shi ya ci, yana ba shi dalili cewa tafiyar da ke gabansa ta fi ƙarfinsa. Allah da kansa ya yarda cewa akwai tafiyar da ta fi ƙarfin bawansa. Sai bayan barci biyu da ci biyu, da tafiyar kwana 40 zuwa Horeb, aka fara magana a kan abin da ke cin zuciyarsa. A can ma iska mai farfasa duwatsu ta wuce, girgizar ƙasa ta wuce, wuta ta wuce, Ubangiji ya zo masa cikin murya 'yar siririya, irin wadda ake yi wa mara lafiya magana da ita.

Gajiya tana da ƙaryar da take raɗa wa mutum, ita ce cewa shi kaɗai ya rage. Iliya ya faɗi haka har sau biyu a wani kogo a Horeb. Allah ya gyara masa lissafi: akwai mutum 7,000 a Isra'ila da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Ya kuma aike shi ya nemo Elisha, wanda zai yi masa hidima ya gaje shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malamin da ke tsammanin in bai yi ba babu mai yi, ya duba ɗakin malamai da kyau. A makarantunmu na Arewa sau da yawa abokin aiki Musulmi ne zai ce, “Je ki, zan tsaya miki a aji, na san kuna shirin biki,” kamar yadda mu ma mukan tsaya musu da azumi da Sallah. Wannan ma gurasa ce a kan garwashi. A karɓa da godiya.

Wannan ne ya kawo mu ga Kirsimeti. Abin da muke shirin tunawa shi ne Ɗan Allah ya ɗauki jiki, jiki mai jin yunwa, mai jin sanyi, mai gajiya. An haife shi ne a ƙarshen doguwar tafiya daga Nazarat zuwa Baitalami, hannun uwa gajiyayya ne ya kwantar da shi a komin dabbobi. Da ya girma, ɗaya daga cikin sunayen da aka fi kiransa da su shi ne Malam. Markus ya nuna mana shi bayan ya yini yana koyar da taro a bakin Tekun Galili, ya shiga jirgi ya sa kai a matashi, barci ya kwashe shi har hadari da raƙuman ruwa ba su tashe shi ba. Duk malamin da ya taɓa gyangyaɗi a cikin Keke Napep a hanyar gida ya san irin wannan barci. Yahaya ya nuna mana shi zaune a bakin rijiya a Samariya da tsakar rana, tafiya ta gajiyar da shi, yana roƙon ruwan sha. Da almajiransa suka dawo daga aiki, jama'a na kai da kawowa har ba su sami zarafin cin abinci ba, shi ne ya janye su gefe don su huta. Malamin malamai bai ji kunyar gajiya ba, bai kuma ɗauke ta zunubi ba. Saboda haka in kun ce masa kun gaji, kuna magana ne da wanda ya ɗanɗana.

To, yau me za mu yi? Takardun ba za su yi wa kansu maki ba, amma a yanka wa aikin dare lokaci, in ya cika a rufe biro a kwanta. A ci abinci a zaune ko sau ɗaya. A cikin hidimomin majami'a a zaɓi wadda za a iya, sauran a ce wa shugabanni cikin ladabi, “A wannan karon a ba wani.” Kirsimeti ba zai fasa zuwa ba don yara sun sa kayan bara. In akwai yaron da gajiyarmu ta faɗa a kansa, a neme shi kafin a ba da hutu, kada ya tafi gida da tabon. In kuwa ciwon kai ya ƙi tafiya, ko barci ya ƙaurace, ko zuciya ta yi nauyi har mutum ya fara jin rayuwa ta ishe shi, a je asibiti a auna hawan jini, a kuma buɗe ciki ga fasto ko wani amintacce. Jiki magayi ne, kuma Allah ne ya ba shi bakin faɗa.

Ku kuma iyaye da dattawan ikilisiya da masu makarantu, an daɗe ana cewa ladan malami yana sama. Yana can, babu shakka, amma Littafin Firistoci ya hana a bar ladan ma'aikaci ya kwana a hannun wanda ya sa shi aiki. Mai riƙe da albashin malami ya biya kafin biki. Mai mudun shinkafa ya aika. Wanda ba shi da komai ya tsaya ya yi gaisuwar nan da gaske, ya ce, “Malama, ina gajiya?” sannan ya jira ya ji amsar.

Addu'a: Ya Ubangiji Allah, kai da ka ciyar da Iliya kafin ka yi masa magana, ga mu a gabanka da safen nan. Akwai gajiya, ya Uba. Muryoyinmu sun dushe, haƙurinmu ya yi ƙaranci, aljihunmu bai kai bukatunmu ba. Ka gafarta mana inda muka huce a kan yaran da ka ba mu amana. Ka ba mu barci mai daɗi, da abincin yini, da abokan ɗaukar kaya. Ka taɓa zukatan masu riƙe da haƙƙinmu. Ka kai mu ranar haihuwar Ɗanka da sauran ƙarfin da za mu yi murna da shi. Cikin sunan Yesu Almasihu, Malaminmu. Amin.