NAƘUDA BA TA JIRAN GARI YA WAYE: HAƘƘIN MAI CIKI A KAN MAIGIDA DA JAMA'AR UNGUWA



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya raine mu a cikin uwayenmu tun ba mu san kanmu ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan uwa, yau maganata da maza ce, musamman mu da muke cika sahun gaba a masallaci. Mata ma su karanta, amma nauyin a wuyanmu yake.

Akwai sanarwar da kunnuwanmu suka saba da ita bayan sallar asuba: matar wane ta rasu wajen haihuwa, za a yi jana'iza ƙarfe tara. Sai mu yi salati, mu kai ta, mu dawo mu ce kwana ya ƙare. Gaskiya ne, kwana ya ƙare, babu mai ja da wannan. Amma akwai tambayoyin da ba mu cika yi ba. Awa nawa ta yi tana zubar da jini kafin a samo mota? Wa aka tsaya jira ya ba da izini? Da aka isa asibiti aka ce a kawo jini, mutum nawa suka miƙa hannu?

Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna cewa a cikin kowace haihuwa 100,000, mata 512 ne ke rasa ransu. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ya nuna cewa sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa saboda ciki da haihuwa a duk duniya a Najeriya suke. Binciken 2018 ɗin ya ƙara nuna cewa a Arewa maso Yamma, matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai biyu cikin goma ba. Waɗannan fa matanmu ne da ƙannenmu da 'ya'yanmu.

Na san abin da wani zai ce: Malam, ai wadda ta mutu wajen haihuwa ta yi shahada. Haka ne, hadisi ya zo da wannan, kuma muna fata Allah Ya ba su wannan daraja. To amma ka duba waɗanda aka lissafa tare da ita a cikin shahidai. Akwai wanda ruwa ya ci, akwai wanda gobara ta ci, akwai wanda gini ya rufta wa. Ka taɓa ganin an tsaya a bakin rafi ana kallon yaro yana nutsewa ana cewa a bar shi ya yi shahada? Ka taɓa ganin gida yana ci da wuta maƙwabta sun naɗe hannu? Kowa guga yake ɗauka. Ita ta samu ladanta a wurin Allah, mu da muka yi sakaci kuma tambayarmu tana nan tana jiranmu.

Haka maganar ƙaddara. Lokacin da Sayyidina Umar (RA) ya nufi Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke, juyawa ya yi da jama'arsa, ya kuma fahimtar da wanda ya yi masa magana cewa kauce wa cuta shi ma yana cikin ƙaddarar Allah. Nana Maryamu (AS) kanta, tana cikin zafin naƙuda, an umarce ta da ta girgiza kututturen dabino kafin 'ya'yan su zubo mata, kamar yadda ya zo a Suratu Maryam. Allah Mai iko ne Ya zubo mata su ba tare da ta motsa ba, amma Ya koya mana riƙo da sababi.

Kuma kada wani ya ɗauka tallafa wa mai jego da jariri baƙon abu ne da Turawa suka kawo mana. Malaman tarihi sun kawo cewa Sayyidina Umar ya ji kukan wani jariri da dare a Madina. Da ya bincika sai ya tarar uwar tana ƙoƙarin yaye shi tun lokaci bai yi ba, saboda baitulmali ba ya yanka wa yaro kaso sai an yaye shi. Umar ya yi kuka, ya sa aka yi shela cewa daga ranar duk jaririn da aka haifa yana da kasonsa. Sun kuma kawo cewa wani dare ya iske matar wani baƙauye tana naƙuda a tanti ba kowa tare da ita, ya koma gida ya taso matarsa Ummu Kulsum ta karɓi haihuwar, shi kuma ya zauna a waje yana hura wuta yana dafa abinci. Shugaban Musulmi ke nan.

Masana lafiya sun ce jinkiri uku ne ke kashe mai naƙuda: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na ukun mafi yawansa a wuyan hukuma yake, kuma haƙƙinmu ne mu riƙa tuna mata. Na farko da na biyu kuwa a cikin gidajenmu da unguwanninmu suke.

Mu fara da izini. Maigida ya tafi cin rani ko kasuwar wani gari, wayarsa ba ta shiga, matarsa tana zubar da jini, duk gidan an yi cirko-cirko ana jiran ya ce a tafi. Ya ɗan'uwa, jinin bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin awa biyu. Ka ba da izininka tun cikin yana wata uku, ka faɗa a gaban mahaifiyarka da ƙaninka da maƙwabcinka: duk lokacin da aka ga alama, a tafi, kada a neme ni. Kuma ko ba ka faɗa ba, ceton rai ba ya jiran izinin kowa a shari'a.

Alamomin kuwa kowane namiji ya haddace su: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, ɗa ya daina motsi a ciki, naƙudar da ta wuce awa 12, ko mabiyiya ta ƙi faɗowa. Doguwar naƙuda ita ce babbar hanyar yoyon fitsari. Wanda ya san yawan matan da ake yi wa aiki a asibitin Babbar Ruga a Katsina ya san abin da nake faɗa. Yankan gishiri kuma ba ya buɗe wa ɗa hanya, sai dai ya ƙara ɓarna.

Awo shi ne ke gano matsala tun tana ƙarama. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas kafin ta haihu. A nan ake auna hawan jini, wanda shi ne ke kai wa ga jijjiga. A nan ake ba da maganin ƙarin jini, da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro bayan wata ukun farko, da allurar da ke kare uwa da jariri daga cutar sarƙewar haƙora. Kuɗin mota zuwa awo yana cikin ciyarwar da Allah Ya ɗora maka. Ka duba aya ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ: matar da aka saka ma, in tana da ciki, an wajabta ciyar da ita har ta haihu. To ina ga wadda take ɗakinka?

Maƙwabtanmu na Nijar sun yi wani abu da ya kamata mu koya. A jihar Damagaram, tun 2008, aka fara abin da ake kira makarantar mazaje, da tallafin asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a. Magidanta kamar goma sha biyu ne suke zama sau biyu a wata, su duba me ke hana matan garinsu zuwa awo da haihuwa a asibiti, su nemi mafita da kansu. Ba allo ba alli, zama ne irin wanda muke yi kullum a majalisa muna gardamar siyasa da ƙwallo.

Sai mota. A jihohi irin su Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara an yi tsarin da direbobin ƙungiyar NURTW suke ba da kansu don ɗaukar mai naƙuda kowane lokaci, dare ko rana. Ana koya musu yadda ake ɗaukar mai ciki, a tasha kuma a saka wa direban da ba shi lodi ba tare da ya bi layi ba. Jigawa tana da shirin Haihuwa Lafiya da ya kai wannan aiki ƙauyuka masu nisa. Ku tambayi shugaban tasharku ko akwai irin wannan a garinku. In babu, unguwar da take da masu mota uku da masu Keke Napep biyar ba ta da uzuri. A rubuta lambobinsu a manna a bangon masallaci. Wallahi direban da ya tashi ƙarfe biyun dare ya kai matar maƙwabcinsa asibiti, ina kyautata masa zaton yana cikin waɗanda aya ta 32 a Suratul Ma'ida take yi wa bushara kan raya rai.

Sai kuɗi. Ka ga mutum tun ciki yana wata biyar ya fara tanadin rago, mata sun fitar da ankon suna, an yi lissafin goro da alawa, amma ba a ajiye ko sisi don daren haihuwa ba. Ragon suna sunna ce, ana yin ta in an samu hali. Ceton ran matarka wajibi ne. A fara da wajibi. A Nijar gwamnati ta ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa tun 2005, a Najeriya kuma Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar a watan Nuwamban 2024 cewa za a riƙa yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar kyauta. Ku je ku tambaya wane asibiti ne kusa da ku yake cikin tsarin, tun kafin ranar ta zo. Duk da haka akwai kuɗin mai da abinci da sauran ƙananan buƙatu, shi ya sa nake kira kowane masallaci ya buɗe asusun haihuwa, a riƙa zuba abin da ya sauƙaƙa duk Juma'a, a damƙa shi ga amintattu biyu masu ɗaga waya da dare. Mai zakka kuma ya sani, matalauciyar da ke kwance tana jiran tiyata tana cikin waɗanda suka cancanta.

Sai jini. Malamai sun halatta bayar da jini don ceton rai, kuma ba ya haramta aure tsakanin mai bayarwa da mai karɓa yadda shayarwa take yi. Namiji lafiyayye yana iya bayarwa duk bayan wata uku. Matasan da ke cika masallaci lokacin tahajjud, ku je a gwada rukunin jininku, a rubuta sunayenku a littafi guda a wurin liman.

Wani zai ce shi matsalarsa namiji ne zai duba masa mata. Kishi abu ne mai kyau, kuma in akwai mace ita ce a gaba. In babu, lalura ta halatta, malamai ba su yi saɓani a kan ceton rai ba. Amma bari in tambaye ka: kai da ba ka son namiji ya karɓi haihuwar matarka, ka bar 'yarka ta karanci aikin ungozoma? Samar da mata likitoci da ungozomomi farilla ce ta kifaya a kanmu, in kowa ya ƙi, kowa ya yi laifi.

Jariri kuma yana da nasa haƙƙin. A sa shi a nono cikin awar farko. Dakashi, wato nonon farko mai kauri da wasu ke matsewa su zubar wai ƙazanta ne, shi ne kariyarsa ta farko daga cututtuka. Nono zalla har wata shida, ko ruwa ba ya buƙata, domin nonon da ruwansa yake. Cibiya kada a sa mata toka ko man goge baki. Akwai man chlorhexidine da ake shafawa, wanda Jihar Sakkwato ta fara rabawa gida-gida a 2013 tare da ƙwayoyin misoprostol masu tsayar da jinin bayan haihuwa. Ƙwayoyin nan bayan ɗa ya fito ake shan su, bisa bayanin ma'aikacin lafiya. Shan su kafin haihuwa don a gaggauta naƙuda yana iya fasa mahaifa. Bakwaini kuma a kwantar da shi a ƙirjin uwa, fata da fata, a lulluɓe su, ɗumin jikinta magani ne. A kai shi rigakafi tun makon farko. In ya ƙi kama nono, ko idonsa ya yi rawaya, ko numfashinsa ya yi sauri, kada a jira ranar suna.

Iyayenmu mata, da girmamawa nake faɗa: likitoci a Zariya sun daɗe da gano alaƙa tsakanin ciwon zuciyar masu jego da yawan kunun kanwa da wankan ruwa mai tsananin zafi. A sassauta. Malamai mata na Islamiyya, ku sa wannan a darasinku yadda kuke karantar da hukuncin jinin biƙi. Nana Asma'u 'yar Shehu ta aika jajis ƙauye-ƙauye su karantar da mata a gidajensu, kuma ƙungiyoyi irin su FOMWAN, tun kafuwarta a 1985, suna kan wannan turba.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Wannan Juma'ar, bayan an sallame, mutum biyar su tsaya tare da liman da mai unguwa. A fitar da sunayen direbobi, da na masu ba da jini, da wanda zai riƙe asusu, a kuma je a gaisa da ma'aikatan asibitin da ya fi kusa a ji ranakun awo da na rigakafi. Kai kuma maigida, yau da dare ka tambayi iyalinka yaushe ne awonta na gaba.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da aka haifa a kan Musulunci. Matan da suka rasu wajen haihuwa Allah Ya karɓi shahadarsu, Ya dubi marayun da suka bari. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin da ke kanmu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.