Amanar Wanda Bai Iya Tambaya Ba

Fukaha'u sun wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin hajarsa, suka ba mai saye zaɓin mayar da ita idan aibin ya bayyana. Amma yaron da bai kai shekara 3 ba, wanda duk abin da hannunsa ya kama sai ya kai baki, ba shi da tamyizin gane aibi, balle ikon kai ƙara. Uban da ya saya masa motar wasa ma ba zai ga dalmar da ke cikin fenti ba, kamar yadda ya auku a 2007, sa'ad da kamfanin Mattel ya janye miliyoyin kayan wasa, har majalisar Amurka ta wajabta gwaji a ɗakin bincike mai zaman kansa a 2008. A ganina wannan aikin muhtasibi ne, mai duba mudu da sikeli a kasuwa, illa dai yau yana jefa ƙaramin maɓalli cikin bututu mai faɗin maƙogwaron yaro, ya ga ko zai shige. Takardar shaidar gwajin kuwa ba ta sauke wa ɗan kasuwa nauyi gaban Allah, muddin ya san kayan da ya jibge ba irin wanda aka gwada ba ne.