Girman Harsashi Da Lamirin Maharbi

'Yan'uwa, akwai wata doka a ƙasashe da dama wadda in mutum ya fara jin labarinta sai ya yi mamaki. Hukuma takan ba maharbi izinin kashe giwa ko ɓauna ko barewa, sa'an nan ta kafa masa sharaɗi cewa kada ya harbe ta da harsashin da bai kai girma kaza da ƙarfi kaza ba. Wanda ya kashe dabbar da aka halatta masa, amma da ƙaramin harsashi, ya yi laifi. Tambayar da muke so mu yi nazari a kanta ita ce: tun da dabbar za ta mutu ko ta yaya, ina ruwan doka da abin da ya kashe ta? In kuma maharbi ya cika dokar, ya sauke nauyin da ke kansa ke nan?

Bari mu fara da abin da dokokin suka ce. A Zimbabuwe, ƙa'idodin namun daji na 1990 sun kasa dabbobi kashi kashi. Giwa da ɓauna da dorina, sai da harsashi mai kaurin milimita 9.2 ko fiye, wanda ƙarfinsa sa'ad da ya fita bakin bindiga ya kai jul 5,300. Jul shi ne ma'aunin ƙarfin bugu. Zaki da raƙumin dawa kuwa, milimita 7 da jul 4,300. A Tanzaniya, mafi ƙanƙantar abin da aka yarda a fuskanci dabbobi masu haɗari da shi shi ne .375 na inci, watau wajen milimita 9.5, kaurin sanannen harsashin nan da kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912. A Ingila da Wales, dokar barewa ta 1991 ta hana harbin manyan barewa da abin da ya gaza .240 na inci, ko ya gaza jul 2,305. A Jamus ba a bakin bindiga ake awon ba, a nisan mita 100 ne: jul 1,000 domin ƙaramar barewa, sauran masu kofato kuwa milimita 6.5 da jul 2,000.

Dalilin waɗannan lambobi yana cikin jikin dabbar. Ɓauna tana da fata mai kauri da ƙashin kafaɗa mai tauri, haƙarƙarinta kuma faffaɗa ne. Harsashin da ba shi da nauyi yakan tsaya a tsoka ko ya farfashe a kan ƙashi kafin ya kai zuciya ko huhu. Dabbar ba ta faɗi. Takan shige kurmi da rauni, ta yi kwanaki tana ruɓewa da ranta, ƙudaje suna bi, har ƙishirwa ko kuraye su ƙarasa ta. Maharbanmu na gargajiya ma sun san ba abin da ya fi ɓauna mai rauni haɗari. Sau da yawa ba wanda ya harbe ta take samu ba, sai mai kiwo ko matar da ta fita neman itace. Ashe ƙaramin harsashi yana da waɗanda yake zalunta guda biyu: dabbar da ya bari cikin azaba, da maƙwabcin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

To, wani zai ce wannan munafunci ne. Wane irin tausayi ne a zaɓa wa dabba abin da za a kashe ta da shi? Mai tausayi na gaskiya ai sai ya rataye bindigarsa. Wannan magana tana da nauyi, ba kuwa za mu raina masu yin ta ba. Amma mu tuna dukanmu masu cin nama ne, ko mafi yawanmu. Wanda zai yanka akuya ranar Kirsimati yakan wasa wuƙarsa tukuna, kowa kuma zai zargi wanda ya yanka ta da dakusasshiya, ko da yake akuyar matacciya ce a hannun duka biyun. Lamirinmu ya riga ya san akwai bambanci tsakanin ɗaukar rai domin bukata da ƙara azabar da ba ta da amfani. Katekisim na Ikilisiyar Katolika, wanda aka fitar a 1992, ya koyar da abu biyun tare: halal ne mutum ya ci naman dabba ya yi sutura da fatarta, amma sa ta wahala ko mutuwa ba dalili yana zubar da darajar mutum. Mu lura, darajar mutum aka ambata. Mugunta takan ɓata mai yin ta kafin ta gama da wanda aka yi wa.

Akwai wani abin mamaki a nan. A 1899, a birnin Heg na ƙasar Holan, ƙasashe suka yi yarjejeniyar hana amfani da harsashi mai buɗewa cikin jiki a fagen yaƙi, irin wanda ake kira dumdum, sunan wata maƙerar makamai kusa da Kalkata a Indiya. Amma irin wannan harsashi mai taushin kai shi ne dokar Ingila ta wajabta wa mai harbin barewa. Abin da aka haramta domin tausayi a wuri ɗaya, an wajabta shi domin tausayi a wani. Ba saɓani a ciki. A yaƙi, abin da ake nema shi ne a tsai da sojan abokan gaba, in ya yi rauni a ɗauke shi a yi masa magani ya koma ga iyalinsa. Dabbar daji ba ta da asibiti, ba mai ɗaukar ta. Alherin da ya rage a yi mata shi ne mutuwa mai sauri. Ga giwa kuma maharba sukan koma ga harsashi mai tauri wanda ba ya buɗewa, gama shi kaɗai ke iya ratsa ƙashin kanta. Ƙa'ida ɗaya ce, kada a ƙara azaba, amma hikima ce ke nuna yadda za a bi ta a kowane hali.

Ga wata gardama kuma daga wajen gwanayen maharba. Suna cewa inda harsashi ya sauka shi ne magana, girmansa ba kome ba ne. Sukan kawo misalin Walter Bell, mutumin Sikotilan da ya yi farauta a Karamoja ta ƙasar Yuganda a farkon ƙarni na 20. Ya kashe giwaye fiye da 1,000, mafi yawansu da harsashi mai milimita 7, wanda yau doka ta hana a harbi giwa da shi a Zimbabuwe. Ya yi nazarin ƙoƙon kan giwa har ya san daidai inda ƙwaƙwalwa take. Gaskiya ne, gwaninta ta fi ƙarfe. Sai dai ba domin gwani ɗaya cikin dubu ake rubuta doka ba, domin sauran ne, waɗanda hannunsu ke rawa in giwa ta buɗe kunnuwa ta taso. Kowane maharbi kuwa yana ganin shi ne gwanin. Wanda ya yarda ya bi dokar da yake ganin ya fi ƙarfinta, domin kada a buɗe ƙofa ga wanda bai kai ba, ya yi aikin tawali'u da ƙaunar jama'a.

Labarin Bell yana koya mana wani abu dabam. Ko da a ce kowace giwa cikin dubun nan ta faɗi nan take ba ta sha wahala ba, saboda haure aka kashe su, domin kasuwa. Kisa mai tsabta bai amsa tambayar ko ya kamata a yi kisan ba. Dokar harsashi tana magana a kan yadda za a yi. Ko za a yi, da guda nawa, da domin me, waɗannan suna wuyan wasu dokoki da kuma zuciyar mutum.

Waliyi Toma Akwinas ya koyar cewa dokar mutane ba ta hana kowane mugun abu, sai manya waɗanda ke cutar da wasu, waɗanda kuma yawancin mutane za su iya bari. Haka dokar harsashi take. Tana iya auna milimita, amma ba ta iya auna haƙuri. Mutum yana iya riƙe bindigar da ta cika sharaɗi, ya yi harbi daga nesa da ya fi ƙarfinsa, ko da magariba sa'ad da ido ba ya gani sosai, ko da babbar bindigar da yake jin tsoron dukanta har yana runtse ido kafin ya ja kunama. Takardunsa daidai ne, laifinsa kuwa yana nan. Abin da ya wajaba a kansa shi ne ya gwada bindigarsa kafin ya fita, ya ƙyale dabba ta wuce in bai tabbata ba, in kuma ya ji mata rauni ya bi sawunta har ya ƙarasa ta, ko da rana za ta faɗi ta sake fitowa. Dokar farauta ta Jamus ta wajabta a gaggauta kashe dabbar da aka raunata domin a raba ta da azaba, amma a tsakiyar daji ba ɗan sanda, lamiri ne kaɗai mai tsaro.

Sani kuma yana ƙaruwa, nauyi yana ƙaruwa tare da shi. An gano cewa harsashin dalma yakan bar ɓarɓashi cikin nama da kayan ciki, tsuntsaye masu cin mushe su ci su mutu. Saboda wata katuwar ungulu da ta kusa ƙarewa, jihar Kalifoniya ta Amurka ta hana farauta da harsashin dalma ɗungum daga 1 ga Yuli 2019, maharba suka koma ga na jan ƙarfe. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ƙarfe ba. Maharbin da bai sani ba jiya yana da uzuri. Wanda ya sani yau ya yi kunnen uwar shegu ba shi da shi.

Kaɗan ne cikinmu za su taɓa tsayawa gaban giwa da bindiga. Amma dukanmu muna riƙe da wani iko a kan abin da ba ya iya kai ƙara: jakin da muke ɗora wa kaya, kajin da muke ɗaure wa ƙafa mu rataye a babur, yaron gida, ɗan ƙodago. Doka ta nuna mana iyakar da in muka gangara ƙasa da ita za a hukunta mu. Abin da ke sama da iyakar, mu ne za mu amsa shi gaban Mahaliccin da ya ba mu amanar halittunsa. Allah ya ba mu zuciya mai jin nauyin wannan amana. Amin.