Haƙƙin Magen Shago

Kwanakin baya ɗan ƙanena da ke karatun likitan dabbobi ya kawo mini wani ɗan littafi na Turanci a kan yadda ake ciyar da mage da kare. Na karɓa ina dariya, na ce, "Kai yaro, mutane na fama da na tuwo, kai kuma tsarin abincin mage ka kawo mini?" Ya ce, "Baffa, ka dai karanta." Na karanta, kuma wallahi tun kafin in kai rabi dariyar ta ɗauke.

Abin da ya fara kama ni shi ne, ashe mage ba irin cikinmu gare ta ba. Allah ya halicce ta mai cin nama. Akwai wani sinadari da likitoci ke kira torin, wanda jikinta ba ya iya samar da isasshe, sai daga nama ko kifi. In ta daɗe ba ta samu ba, sai ido ya mutu, zuciya ta yi rauni. A 1987 ne masu bincike a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka suka tabbatar da alaƙar rashinsa da ciwon zuciyar mage. Albasa da tafarnuwa kuma suna lalata jinin mage da kare, ɗanye ko dafaffe. To, wace miya ce a gidajenmu babu albasa? Madarar da muke zuba mata don tausayi, yawancin manyan maguna gudawa take sa su. Cakulan da goro ma suna da illa gare su. Shekara da shekaru ina juye wa magen shagona sauran tuwo da miya, ina ganin alheri nake yi.

Amma littafin yana da nasa aibin. An rubuta shi ne domin mai firij da ma'auni da kuɗin abincin gwangwani. Ko sau ɗaya bai ambaci kan kifi ko hanjin kaza ko guntattakin da ake samu wurin mahauta ba, alhali in an dafa su babu gishiri babu albasa, an cire ƙashi, sun fi kanzon tuwo nesa ba kusa ba. Talaka in ya karanta sai ya ce wannan ba da shi ake ba.

Tambayar da ta hana ni sakat ita ce wannan. Mu fa ba jahilan kiwo ba ne. Dubi yadda muke yi da ragon layya: dusa, harawa, ƙowa, kanwa, kowanne da lokacinsa, in ya ƙi ci kwana ɗaya hankalin maigida ya tashi. Me ya sa mage ba ta samun ko kashi ɗaya cikin goma na wannan kula? Amsar ba ta da daɗi: rago yana da farashi, ita ba ta da shi. Ga shi kuwa ita ke kwana tana tsare mana buhunan shinkafa da wake daga ɓera. Kowa ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski.

Wani zai ce, "Malam, ga maƙwabci da yunwa." Gaskiya ne, kuma mutum ne gaba, babu musu. Sai dai hanjin kazar da ake zubarwa a kwata ba daga bakin maƙwabci aka ƙwace shi ba. Sau da yawa muna fakewa da yunwar mutane ne don mu guje wa haƙƙin dabba, a ƙarshe ba mu ba mutum ba, ba mu ba dabbar ba. Kowa a cikinmu ya san hadisin matar da aka azabtar saboda magen da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba.

Ni dai yanzu yaron shagona yana biyawa wurin mai kifi kowace yamma. Wanda ba zai iya wannan ba, kada ya ajiye. Dabba ba ta da bakin kai ƙara wurin mai unguwa, amma akwai ranar da za a tambaye mu. Allah ya sa mu fita haƙƙi.